Salak ɗin wake mai sanyi: yadda ake haɗa shi da kayan lambu sabbin tsinka

Idan zafi ya tsananta, rai ba ya son abinci mai nauyi da tururi, amma ganye zalla kuma ba ya riƙe ciki. Salak ɗin wake ne ke raba wannan gardama. Ga dafaffen wake da zai ƙosar, ga ɗanyen kayan lambu da za su wartsake baki, kuma da sanyinsa ake ci, ba sai an sake kunna wuta ba. A ido aikin ba wuya: a dafa, a yanka, a juya. Sai dai wanda akasari ake haɗawa yakan fito da ɗayan aibu biyu. Ko dai waken ya yi lami, ɗanɗano duk yana waje bai ratsa ƙwayar ba, ko kuma kayan su kwanta tsamo-tsamo cikin ruwa, koren waken ya koɗe ya yi yaushi. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: an zuba komai cikin kwano a lokaci guda. Kowane abu a salak ɗin nan yana da lokacin shigarsa, kuma wanda ya san wannan ya gama rabin aikin.

Ga ma'aunin da zai ishi mutum 6. Busasshen wake kofi 1, wato kimanin giram 200. Idan ya dahu zai ba ki kofi biyu da rabi zuwa uku. Ɗanyen koren wake, mai kwanso, giram 300 zuwa 400. Tumatir matsakaita 3, kokwamba 1, ƙaramar jar albasa 1, tattasai 1, ja ko kore, da ɗanyar masara mai zaƙi guda 1 idan lambun ya bayar. Sai ganyen ƙamshi cike da tafin hannu: faski, na'a-na'a, ɗoɗɗoya ko lawashi. Na mahaɗi kuwa, wato haɗin mai da tsami da ake zuba wa salak, man zaitun babban cokali 6, khal ko ruwan lemon tsami babban cokali 3, tafarnuwa ƙwaya 1, mostad (wani kwaɓi mai ɗan yaji da ake sayarwa a kwalba) ƙaramin cokali 1, zuma ƙaramin cokali 1, gishiri da masoro. Wannan ma'auni jagora ne kawai. Abin da lambunki ya fi bayarwa a wannan mako, shi ne zai fi yawa a kwanon.

Tun daren jiya: busasshen wake

Da dare aikin yake farawa. Ki tsince waken, ki fitar da tsakuwa da ƙwayoyin da ƙwari suka huda, ki wanke, ki jiƙa shi cikin ruwa mai yawa, wanda ya ninka shi sau uku ko huɗu, domin zai kumbura sosai. Awa 8 zuwa 12 ya isa. Idan ɗakin girkin yana da zafi ƙwarai, ki sa kwanon a firij, in ba haka ba ki wayi gari ki tarar ya fara kumfa da tsami.

Ki zuba gishiri a ruwan jiƙon, babban cokali 1 a kowace lita. Na san akwai masu cewa gishiri yana hana wake nuna, kuma maganar ta daɗe tana yawo a ɗakunan girki, amma ba gishiri ne mai laifin ba. Hasali ma yana tausasa ɓawon, har waken ya dahu ba tare da ya farfashe ba, wanda shi ake nema a salak: ƙwaya ta tsaya da ƙafarta, cikinta kuma da laushi. Abin da ke hana wake nuna da gaske shi ne tsami. Tumatir, khal ko lemon tsami, idan suka shiga tukunya kafin waken ya yi laushi, sai ki yi ta ƙona wuta yana nan garau. Tsufan waken ma yana jawo haka. Wanda ya shekara biyu a ajiye ba ya jin magana. A ɗaya ɓangaren kuma, kada ki sa bekin soda don ya yi saurin dahuwa. Zai dahu da wuri, amma zai yi luguɓ ya dagargaje da zarar cokali ya taɓa shi.

Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗauraye, ki ɗora da sabon ruwa wanda ya rufe waken da kamar yatsu uku. A nan akwai abin da ba a wasa da shi. Jan wake mai siffar ƙoda yana ɗauke da wani sinadari mai suna lektin, wanda ƙwaya huɗu ko biyar kacal da ba su dahu ba suna iya jawo amai da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku. Maganinsa tafasa ce mai ƙarfi, ruwan yana ɓararraka, na aƙalla minti 10. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma minti 30 take ba da shawara don a samu natsuwa. Tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali ba ta kai wannan zafin ba, saboda haka ba a fara dafa ɗanyen jan wake a cikinta. Na gwangwani ba shi da wannan matsala, an riga an dafa shi.

Bayan tafasar farko sai ki rage wuta, ruwan ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan. Tafasa mai ƙarfi tun daga farko har ƙarshe tana sa ƙwayoyin su yi ta karo da juna, ɓawon ya saɓule. Wake mai baƙin ido yakan dahu cikin minti 30 zuwa 45, ja da baƙi sukan kai awa ɗaya ko fiye. Idan za ki haɗa iri biyu don launi, kowanne da tukunyarsa, don ba sa nuna tare. Kuma kada ki dogara da agogo. Ki ɗebo ƙwaya biyar daga wurare daban-daban na tukunyar ki tauna; idan ko ɗaya ta yi gari-gari a tsakiya, ki ƙara masa minti biyar. Wake yana ƙara tauri idan ya yi sanyi, don haka wanda kika sauke da ɗan saura zai zama tsakuwa a firij.

Wadda ba ta da lokaci tana iya amfani da gwangwani biyu masu giram 400. Kowanne yakan ba da kimanin giram 240 bayan an tsiyaye. A juye a kwando, a ɗauraye har ruwan ya daina kumfa. Wannan wankin yana fitar da yauƙin gwangwani, yana kuma rage gishirin da kusan kashi 40 cikin ɗari. Daga nan a ɗan ɗumama shi minti biyu a ruwan zafi, saboda dalilin da zai zo yanzu.

Mahaɗi, tun wake yana kan wuta

Dole mahaɗin ya zama a shirye kafin a sauke tukunya. Ki daka tafarnuwar da ɗan gishiri har ta yi laushi, ki zuba ta a kwalba mai murfi, ki zuba khal ko lemon tsamin a kanta, ki bar su minti biyar. Tsamin yana kashe zafin ɗanyar tafarnuwa, kuma gishiri a cikin khal yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Sannan ki sa mostad, zuma, masoro da man, ki rufe ki girgiza da ƙarfi har ya yi kauri ya zama abu guda. Aikin mostad ke nan: shi ke riƙe mai da khal kada su rabu da wuri.

Ma'aunin da aka saba da shi a salak na ganye shi ne mai kashi uku, tsami kashi ɗaya. Ga wake wannan ya yi sanyi da yawa. Wake yana da sitaci, yana shanye tsami ya danne shi, shi ya sa na fi son biyu da ɗaya. Idan kin ɗanɗana mahaɗin shi kaɗai, ya kamata ki ji kamar ya ɗan wuce gona da iri a tsami da gishiri. To haka ake so. Game da khal da lemon tsami, khal ya fi jure kwana a firij, lemon tsami kuma ya fi ƙamshi amma ƙamshin yana gushewa. Ni nakan yi mahaɗin da khal, in matsa rabin lemo a ƙarshe dab da ci.

Da waken ya dahu, ki tsiyaye shi sosai, ki bar tururin ya ɗan fita na minti biyu ko uku, sannan ki juye a babban kwano ki zuba masa rabin mahaɗin tun yana da ɗumi. Nan ne sirrin ɗanɗanon yake. Wake mai ɗumi yana jan gishiri da tsami zuwa cikinsa yayin da yake hucewa. Wanda ya riga ya yi sanyi kuwa, mahaɗin sai dai ya shafe bayansa ya gangara ƙasan kwano. Ki juya a hankali da faffaɗan cokali, ki baza shi ya huce, ki sa a firij kafin awa biyu su cika. Kwanon ya zama na gilashi, tangaran ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Alminiyam ba ya shiri da tsami, yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a abinci.

A cikin lambu

Da sassafe ake tsinka, bayan raɓa ta bushe amma kafin rana ta yi zafi, lokacin da kayan suke cike da ruwansu. Jiran raɓar ta bushe ba don salak ba ne, don shukar ne: taɓa ganyen wake yana jiƙe yana yaɗa cuta daga wannan tushe zuwa wancan. Ki riƙe reshen da hannu ɗaya ki tsinke da ɗayan, don jijiyar wake ba ta da zurfi, fizga ɗaya sai ki tuge shukar.

Koren waken da ya dace shi ne mai kaurin fensir, santsi, wanda ƙwayoyin cikinsa ba su fara turo kwanson ba. Ki karya guda ɗaya ki gani. Idan ya ce ƙas, ya ɓalle biyu har da ɗan ruwa a bakin karayar, ya yi. Idan ya lanƙwashe kawai, ko zare ya biyo, ya tsufa. Irin wannan ki bar shi a jikin shukar ya ƙosa a ɓare ƙwayar. Yawan tsinka kuma alheri ne ga mai lambu, domin shukar da ake ɗebe wa 'ya'ya duk bayan kwana biyu ko uku tana ci gaba da fure, wadda aka bari ta ƙosar da iri kuwa sai ta ɗauka ta gama aikinta.

Tumatir a bar shi ya nuna a jikin uwarsa, kuma kada a sa shi a firij kafin a yanka, sanyi yana rage masa ƙamshi. Kokwamba ƙarama ta fi babba, 'ya'yanta ƙanana, ɓawonta ba tauri. Komai a wanke shi da ruwa mai tsabta yana gudana, ana murzawa da hannu, ko da daga lambun gida ya fito. Ƙasa da taki ba su san na gida ba. Ba a sa sabulu. Ganyen ƙamshi a tsoma shi a kwano a girgiza, a ɗago shi sama ƙasar ta kwanta, sannan a shanya a kan tawul mai tsabta ya bushe sarai.

Koren wake: minti uku da ruwan ƙanƙara

Ki cire kan da ke manne da reshe. Siririn wutsiyar ba ta da laifi, ana ci. Ki yanka tsawon gaɓar yatsa biyu, yadda zai hau cokali tare da sauran kayan. Ba a sa shi ɗanye, domin shi ma yana da ɗan lektin, kuma ɗanyen yana da gafi.

Ki ɗora babbar tukunya da ruwa mai yawa, kamar lita 3, da gishiri babban cokali 2 zuwa 3. Yawan ruwan yana da dalili: idan ruwan kaɗan ne, zuba waken zai kashe tafasar, ya daɗe yana jiƙa a ruwan ɗumi har launinsa ya tafi. Kafin ki zuba, ki tanadi kwano cike da ruwan sanyi da ƙanƙara a gefe. Idan ruwan ya tafasa sosai ki zuba waken, kada ki rufe tukunyar. Cikin minti ɗaya za ki ga ya koma kore shar, ya fi yadda yake a lambu. Daga minti na uku ki fara ɗanɗanawa. Abin da ake nema shi ne gafin ya tafi, haƙori ya shige ba tare da ƙara mai kama da ta roba ba, amma da sauran ƙaras. Siriri yakan yi a minti 3, mai kauri 4 zuwa 5. Nan take ki tsame ki afka shi cikin ruwan ƙanƙarar. In ba haka ba, zafin da ke jikinsa zai ci gaba da dafa shi a cikin kwando. Da ya yi sanyi har ciki ki tsame, kada ki bar shi yana sha ruwa, ki baza a kan tawul ki tsane shi. Mai ba ya kama jiƙaƙƙen abu.

Idan akwai masara, ki jefa ta cikin wannan ruwan na minti 3, ki sanyaya, ki tsayar da ita a kan katako ki yanko ƙwayoyin da wuƙa daga sama zuwa ƙasa.

Yanzu ga abin da ya bambanta koren wake da busasshe. Busasshe yana son tsami da wuri, kore kuwa tsami maƙiyin launinsa ne. Sinadarin da ke sa ganye kore yana sauyawa idan ya haɗu da khal ko lemon tsami, ya koma wani launi mai duhu-duhu kamar na zaitun. Cikin awa ɗaya zuwa biyu za a fara ganin alama, kafin safiya kuwa ya gama koɗewa. Ba ya cutarwa, ɗanɗanon ma wasu sun fi son sa haka, amma idan kina son kwanon ya ɗauki ido, ki ajiye koren waken daban a firij sai dab da ci.

Masu ruwa a jiki

Kokwamba da tumatir kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinsu ruwa ne, kuma gishiri yana jawo shi waje. Zaɓi biyu ne: ko ruwan ya fita a kwando, ko ya fita a cikin salak ɗinki ya tsinka mahaɗin. Ki raba kokwambar biyu ta tsawo, ki kankare 'ya'yan da ƙaramin cokali, ki yanka ƙanana daidai girman ƙwayar wake ko sama da haka kaɗan. Tumatir ma haka. Ki zuba su a kwando, ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali, ki juya, ki ɗora kwandon a kan kwano na minti 15 zuwa 20. Za ki yi mamakin ruwan da zai taru. Na tumatir ɗin kada ki zubar gaba ɗaya; cokali ɗaya ko biyu a cikin ragowar mahaɗin yana ƙara masa daɗi.

Albasa kuma ki yanka ta siriri ƙwarai, ki jiƙa a ruwan sanyi minti 10, ki tsane. Wannan yana wanke sinadarin da ke sa ta yaji da warin da ke ƙaruwa idan ta kwana. Hanyar da na fi so ita ce a zuba mata cokali ɗaya na khal da ɗan gishiri a bar ta. Takan yi laushi, jar kuma ta koma ruwan hoda mai haske. Tattasai ba ya buƙatar komai, a cire 'ya'ya da farin cikin a yanka. Mai son yaji ya ƙara ɗanyen barkono guda, yankakke ƙanana.

Haɗawa

Ki fito da waken da ya sha mahaɗi, ki zuba albasa, tattasai da masara. Waɗannan suna jure zama, ana iya haɗa su tun da safe ko ma tun jiya. Idan saura minti 20 zuwa 30 a ci, sai koren wake, kokwamba da tumatir su shiga, tare da ragowar mahaɗin bayan an sake girgiza shi. A juya daga ƙasa zuwa sama, sau kaɗan. Ganyen ƙamshi shi ne na ƙarshe. Faski yana jure wuƙa da zama, amma na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna baƙi idan an yanka an ajiye, gara a yayyaga su da hannu a kan kwanon.

Sai ɗanɗanawa, kuma a yi ta da sanyin da za a ci abincin. Sanyi yana dusashe ɗanɗano, abin da ya ji gishiri yana da ɗumi zai iya zama salam bayan ya fito daga firij. Ki ɗebi cokali mai ɗauke da komai, ba ƙwaya ɗaya ba. Idan kin ji kamar wani abu ya ɓace amma ba ki san mene ne ba, yawanci tsami ne. Ki matsa lemo kafin ki kai hannu ga gishiri. Idan tsamin ya yi yawa, ƙarin mai cokali ɗaya ko ɗigon zuma zai daidaita shi. Idan ya bushe, wake ne ya shanye, a ƙara mai da khal kaɗan. Idan kuma ruwa ya taru a ƙasa duk da haka, ki kwashe kayan da cokali mai huji zuwa wani kwano, ki gyara da sabon mahaɗi.

Kada a kai shi tebur kai tsaye daga firij. Man zaitun yana daskarewa a sanyi, ya yi gudaji-gudaji fari. Ba lalacewa ya yi ba, minti 15 a waje zai narke, ƙamshin tumatir da ganye ma ya dawo. Wanda yake so ya mai da shi cikakken abinci zai iya ɗora dafaffen ƙwai, kifin gwangwani ko cuku a sama, kodayake waken kansa yana da furotin kimanin giram 8 zuwa 9 a kowane giram 100 na dafaffe, kuma bitamin C na tattasai da lemon tsami yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Latas kuwa, idan ana so, a shimfiɗa shi a faranti a ɗora salak ɗin a kai. Cikin kwano yaushi zai yi.

Dafaffen wake abinci ne mai saurin lalacewa, kuma ɗan khal ɗin da ke ciki bai kai ya kare shi ba. Kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Selsiyos, awa 1. In za a fita da shi, a sa shi a kula da ƙanƙara, ragowar mahaɗin a kwalbarsa, koren wake da tumatir a nasu mazubi, a haɗa a can. A firij mai sanyin digiri 4 yana kai kwana 3 zuwa 4 a rufe. Idan kin san ba za a cinye a zama ɗaya ba, ki raba tun farko: waken da albasa da tattasai a babban mazubi, kullum ki ɗebi na ci ki yanka masa sabon tumatir da kokwamba. Firiza ba ta karɓar haɗaɗɗen salak, kokwamba da tumatir ruwa suke zama idan sun narke, amma dafaffen wake zalla yana daskarewa lafiya, don haka ba laifi ki dafa ninki biyu ki ajiye rabi. Duk wanda ya fara yauƙi, ko kumfa, ko wani tsami da ba na khal ba, a zubar da shi, ba sai an ɗanɗana ba.